Garkuwa kafin mashi

Duk wanda ya zaga unguwanninmu na Gedambaliya bayan la'asar zai ga samari sun rataye buhu a reshen bishiya ko a ƙofar zaure suna ta kai masa naushi. A waya suka gani, a gida suke kwaikwayo: hagu biyu, dama ɗaya, a sunkuya, a sake kai hannu. Wasu iyaye na ganin shirme ne, wasu kuma na tsoron kada 'ya'yansu su zama 'yan tayar da zaune tsaye. Mu a ganinmu hani ba shi ne magani ba. Abin da ya kamata shi ne a gyara yadda suke koyo, domin sun fara da inda ake ƙarewa.

Dambe ba baƙon abu ba ne gare mu. A ƙasar Hausa sana'ar rundawa ce tun asali, kuma da kaka ake yin sa, bayan amfanin gona ya shiga rumbu. Ɗan dambe yakan naɗe hannu ɗaya da zare, shi ake kira mashi, ɗayan kuma ya miƙa shi a buɗe a gabansa, shi ne garkuwa. Turmi uku ake yi, kuma da zarar hannu ko gwiwar mutum ta taɓa ƙasa an yi kisa, wasa ya ƙare, ba a bin wanda ya faɗi da duka. Akwai alƙali, akwai makaɗi, akwai ubangida mai horar da yaransa. Shago, wanda Ɗan Anace ya yi wa waƙa, a cikin wannan tsari ya yi suna. Har gobe a gidajen dambe na Kano da Sakkwato haka ake tafiya.

Bidiyon waya kuwa mashi yake tallatawa. Yana nuna naushin da ya kayar da mutum, ya ɓoye watannin da aka yi ana koyon tsayuwa da kaucewa. Buhu ba ya ramawa, saboda haka yaron da buhu kaɗai ya sani yakan saba da sakin hannuwa ƙasa da ɗaga haɓa sama. Ranar da ya gamu da mai ramawa, ranar zai san bai iya komai ba. A 1974 a Kinshasa, George Foreman ya fi Muhammad Ali ƙarfin naushi da ƙuruciya, amma Ali ya jingina da igiya ya rufe fuska da hannuwa, ya bar shi ya gaji, sannan ya kayar da shi a turmi na 8. Tsaro da haƙuri ne suka ci wannan wasa.

Don haka mai son koyo a gida ya fara da ƙafa. Ya buɗe ƙafafunsa daidai faɗin kafaɗa, ɗaya gaba ɗaya baya, ya koyi matsawa ba tare da harɗe su ba. Haɓa a ƙasa, hannuwa kusa da kunci, kuma duk hannun da ya fita ya dawo mazauninsa nan take. Ya yi naushin iska na minti 3, ya huta minti 1, kamar yadda ake yi a damben zamani. Ya ɗaura igiya daidai kafaɗarsa ya riƙa sunkuyawa ta ƙarƙashinta. Buhu kuwa a cika shi da tsummokara ko ɗusar katako, domin yashi zalla kan dunƙule ya lahanta wuyan hannu, kuma kada a buge shi sai an naɗe hannu. Yara biyu kada su riƙa dukan kan juna da sunan gwaji. Illar bugun kai kan ɓuya sai bayan shekaru, ga kuma hanin da addini ya yi ga dukan fuska.

Maganar ta fi ƙarfin motsa jiki. Tun da yaƙi ya ɓarke a watan Afrilun 2023, makarantu suka daɗe a rufe, Gadarif ta cika da 'yan gudun hijira, makami ya yawaita a hannun matasa. Ba mu kuma manta da rikicin jihar Nilu Shuɗi na 2022 ba, wanda ya ci rayukan 'yan uwanmu da na maƙwabtanmu. Al'umma 'yar tsiraru ba ta da ribar da za ta ci a faɗan titi, domin laifin yaro ɗaya kan zama na unguwa duka. Saurayi mai ƙarfi da ba shi da mafaɗi, kowa na iya ɗaukarsa haya. Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya karantar da mu cewa jarumi shi ne mai mallakar kansa lokacin fushi.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Muna kira ga masu unguwanni da limamai da shugabannin matasa su ware fili guda, su sa babba mai hankali ya tsaya a kai, a sa lokaci, a sa doka: wanda ya kai hannu a waje ya bar fili. Idan an gama yankan riɗi da dawa, a gayyaci 'ya'yan maƙwabta su ma su shigo. Allah Ya shirya mana zuriya, Ya dawo da zaman lafiya a Sudan.