Naman dila ba na kilishi ba ne

  

Yau maganar dila za mu yi, da kura, da yanyawa, da kyanwar daji. Wato namun dajin da ke cin nama. Tambaya ɗaya ce: ya kamata mu ci namansu ko kuwa?

Abin da ya sa na ɗauko maganar, wani abu ne da na gani a ƙauyenmu. Dila ya kashe wa maƙwabcina ƴan awaki uku. Samari suka kafa tarko, suka kama shi. Suka feɗe shi, suka yanyanka naman siri-siri, suka shanya bisa zana kamar kilishi. Na ce musu kada su ci. Ɗaya ya ce: "Baba, shi ya ci namu, mu ma mu ci nasa." Kowa ya yi dariya. Ni ban yi ba. Ga dalilaina.

Na farko: tsutsar da ido ba ya gani

Saniya da rago da raƙumi ciyawa suke ci. Dila da kura kuwa mushe suke ci, da ɓera, da duk abin da ya mutu a daji. Akwai wata tsutsa ƙarama da likitoci ke kira tirishin. Tana zama cikin tsokar nama, a naɗe. Ido ba ya ganinta, sai da madubin likita. Ta hanyar cin nama take yaɗuwa: wannan ya ci wancan, ya ɗauka. Shi ya sa ta fi yawa a jikin masu cin nama. A Kenya da Tanzaniya an same ta a jikin kura da dila da zaki da damisa. A nan Afirka ta Yamma ma an same ta a namun dajin ƙasar Gine.

In mutum ya ci naman da ke da ita, da farko sai zawo da ciwon ciki. Bayan sati 2 ko fiye, sai masassara, fatar ido ta kumbura, tsokar jiki duk ta yi ciwo. Mutum ya kasa ɗaga hauya. Sau da yawa sai a zaci masassarar sauro ce, a yi ta shan maganin da ba nata ba. In tsutsar ta yi yawa takan taɓa zuciya, har ta kai ga mutuwa.

To, ku lura da nan sosai. Rana ba ta kashe ta. Gishiri ba ya kashe ta. Yaji da hayaƙi ma ba abin dogara ba ne. Wuta ce ke kashe ta, in zafi ya ratsa naman har cikinsa. Kilishi kuwa kun san yadda ake yin sa: a shanya, a tsoma cikin labu, a sake shanyawa, a ɗan nuna wa wuta. Wannan ya dace da naman sa ko na rago da likitan dabbobi ya duba, kamar yadda mutanen Madawa suka gwanance. Bai dace da naman dila ba.

Ba mu kaɗai ke da wannan kwaɗayi ba. A Amurka akwai ɗan uwan dila, ana ce da shi koyoti, kuma wasu mahalban can sukan busar da namansa su ci. A 1995, a jihar Aidaho, wani mahalbi ya kashe kuga, wata dabba mai kama da damisa. Ya jiƙa naman da ruwan gishiri, ya yi masa banda, amma zafi bai ratsa shi ba. Ya raba wa ƴan uwa da abokai. Mutum 10 suka kamu da tirishin, har da shi. Su likita na kusa da su. Mu fa, da wani sai ya yi rabin yini bisa amalanke kafin ya ga likita?

Na biyu: haukan kare

Dila yana ɗaukar ciwon haukan kare kamar yadda kare ke ɗauka. Ciwon yana cikin yawunsa da ƙwaƙwalwarsa. Lafiyayyen dila mai wayo ne, ba ya yarda mutum ya matso kusa da shi. Wanda ya shigo gari da rana tsaka, yana tangaɗi, ba ya gudun mutane, shi ne abin tsoro. Kuma shi ne mai sauƙin kamawa. Mai cire shi daga tarko yana iya shan cizo. Mai fiɗa da rauni a hannu yana cikin haɗari tun tukunya ba ta hau wuta ba.

In alamun wannan ciwo suka bayyana a jikin mutum, da wuya ƙwarai ya tashi. Don haka wanda dila ko kare ya ciza, ya wanke wurin da ruwa da sabulu har minti 15. Sannan ya tafi likita ran nan, a yi masa allura. Kada ya jira gobe.

Na uku: guba

Da can an yi ta kashe dila da kura da wata guba mai suna istirkinin. Yau kuma wasu sukan barbaɗa maganin ƙwarin gona bisa mushe, don haushin bisashensu da aka kashe. Dila ya ci, ungulu ta ci, karen gida ma ya ci. Kai da ka tsinci dila yana shure-shure a bakin gona, ka san abin da ya ci? Dafuwa tana kashe tsutsa, amma kada ka dogara da ita wajen guba.

Na huɗu: wa zai kama mana ɓera?

Na san ɓarnar dila. Yana ɗaukar ɗan akuya, yana fasa kankana a gona. Amma abincinsa na yau da kullum ya haɗa da ɓera da fara da mushe. Yanyawa da kyanwar daji ma ɓera suke farauta dare duk. A 1975 da 1976, bayan babban fari, ɓeraye sun yi yawa a ƙasashen Sahel. Dattawa sun san yadda ɓera ke tone iri cikin rami, manomi ya shuka sau biyu ko sau uku. In nama ya zama dalilin farautar waɗannan namun daji, za mu ƙarar da masu gadin hatsinmu, waɗanda ba mu biyan su ko dala.

Abin da masu ci ke cewa

Wani zai ce nama ya yi tsada, iyali kuma suna so. Gaskiya ne, ba na musu. Amma a yi lissafi. Magidancin da ya kwanta wata guda a tsakiyar damina, wa zai yi masa noma? Naman yini ɗaya ya ci masa damman hatsi nawa? Kwaɗayi mabuɗin wahala. Ƙwan zabi, da kaza, da wake, da ƙuli-ƙuli, duk suna gina jiki, ba tare da wannan tsoro ba.

Wani zai ce kakanninmu mahalba sun ci, ba abin da ya same su. Wanda ya dafa naman har ya rabu da ƙashi, ya kashe tsutsar, wannan haka ne. Amma wanda ya kwanta da kumburin ido bayan sati uku, wa ya tuna da naman da ya ci? Sai a ce iska ne, ko sammu.

Wani kuma zai ce naman kura magani ne, yana sa ƙarfin zuciya. Hausawa sun riga sun ba shi amsa: in kura na maganin zawo, ta yi wa kanta.

Malamanmu na Malikiyya sun ce cin naman dabba mai farauta makaruhi ne, wasu malamai ma sun ce haramun. Ga kuma doka: ta 29 ga Afirilu 1998 ta tsara farauta a Nijar, ba a yin ta sai da takardar izini.

Abin da ya kamata mu yi

A kewaye garke da ƙaya mai kauri. A shigar da ƴan awaki kafin magariba. A yi wa karen gida allurar haukan kare. In dila ko kura suka matsa wa gari, a kai magana wurin ma'aikatan gandun daji, kada a sa guba. In an kashe dila, a haƙa rami mai zurfi a binne shi. Kada a ba karnuka, kada yara su yi wasa da shi. Kuma kada ku sayi busasshen naman da ba ku san mai shi ba, ba ku san dabbar ba.

Samarin ƙauyenmu dai, da maigari ya sa baki, sun binne naman suna gunaguni. Gara gunaguninsu da kukan uwayensu.

Ku da kuka iya karatu, ku karanta wa sauran jama'a wannan a dandali, musamman samari da masu kiwo. Allah ya kare mu da bisashenmu, ya ba mu damina mai albarka.