Sharhi: Aron Moto da Hayarsa a Ƙasar Bazaga



Duk wanda ya san ƙasar Bazaga da ƙauyukanta, ya kuma san yadda hanyoyin yashi suke ratsa gonakin gero kafin su faɗa kwaltar da ke kai mutum Birnin Konni, ba ya bukatar a gaya masa cewa moto ya gaji matsayin da doki da jaki suka riƙe a zamanin kakanninmu. Domin shi ke kai mai naƙuda asibiti cikin dare, shi ke ɗaukar buhun albasa zuwa kasuwa, shi ne kuma jarin saurayin da ke kabu-kabu tsakanin Konni da Illela ta Najeriya. To, abin da ya zama haka a rayuwar mutane, dole a zo neman aronsa ko hayarsa, dole kuma mai shi ya san amsar da zai bayar.

Ga maƙwabci ya yi sallama bayan asuba, ya durƙusa a zaure, ya ce, "Alhaji, a taimaka mini da moto, iyalina ba lafiya, zan kai ta asibitin Galmi." Musulmin kirki ba zai juya wa wannan baya ba, musamman da yake malaman tafsiri sun bayyana cewa abin da Suratul Ma'un ta zargi masu hana shi ya haɗa da kayan amfanin yau da kullum, irin su tukunya da guga da gatari; Manzon Allah kansa, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya ari sulke daga Safwanu ɗan Umayya lokacin yaƙin Hunaini. Saboda haka aro alheri ne mai lada. Sai dai kowa ya taɓa ganin ɗaya fuskar: moton da aka ara don zuwa Tsarnawa ya kwana biyu bai dawo ba, daga bisani a jingine shi a bangon gida cikin sanɗa, tanki ƙaf, madubi a fashe, sarƙa tana reto, wanda ya ara kuwa ya koma sauya hanya in ya hango mai shi.

A nan ne fiƙihun Malikiyya, wanda muka karanta a Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, yake da bayani mai amfani. Malamai sun raba abin aro gida biyu: wanda ake iya ɓoyewa, kamar tufa da kayan ado, mai aro shi ke lamuninsa in ya salwanta ba tare da shaidu ba, da wanda ba ya ɓoyuwa, kamar dabba, wanda babu lamuni a kansa sai in ya yi sakaci, ko ya ƙetare abin da aka yi masa izni, ko ƙaryarsa ta bayyana. Haka shi ma mai haya amintacce ne a shari'a, ba ya biya sai da ta'addi ko sakaci. Idan aka yi ƙiyasin moto da dabbar hawa, ma'anar ita ce haƙƙin mai moto ya rataya ne a kan abin da ya faɗa da bakinsa ranar bayarwa; domin wanda bai ambaci wuri ba, bai yanka lokaci ba, bai hana lodin buhu uku ba, da me zai kafa hujjar cewa an ƙetare iyaka?

Haya kuwa, wadda malamai ke kira ijara, ta fi aro bukatar tsantseni, domin ciniki ce. Mutum ya sayar da albasarsa ya sayi moto ƙirar Boxer ko Kasea, ya miƙa wa yaro bisa sharaɗin jika kaza kowace yamma, amma ba a faɗi wa zai canza baƙin mai ba, wa zai sayi taya, me za a yi ranar da zazzaɓi ya kwantar da yaron. Mun ga yadda lissafi ya birkice a 2023, sa'ad da Najeriya ta janye tallafin man fetur a watan Mayu, kwalbar mai ta bakin hanya ta yi tsada, sannan aka rufe iyaka bayan juyin mulkin da aka yi a ƙasarmu ranar 26 ga Yuli. Masu kabu-kabu suka rasa fasinja, masu moto suka nace sai an cika musu kuɗinsu, zumunci ya yi tsami a gidaje da yawa.

Akwai kuma abin da ya fi asarar dukiya nauyi, wato takardun moto suna ɗauke da sunan mai shi, kuma shi jandarma za su nema in aka kaɗe mutum, ko aka kama moton da kayan fasa-ƙwauri, ko ya faɗa hannun ƴan bindigar da ke addabar yankunan kan iyaka. Hukuma ba ta hana hawan moto a jihar Diffa a 2015 don wasa ba.

Shawararmu ita ce, kada a rufe ƙofar aro, amma a bayar yadda dattawa ke ba da doki: a san mahayin, a san inda za shi, a san yaushe zai dawo. In haya ce, a zauna gaban shaidu biyu, liman ko mai gari ya ji, a rubuta, kamar yadda aya ta 282 ta Suratul Baƙara ta koyar game da bashi. Galibi kunya ke hana mu wannan magana, alhali kuwa nauyin bakin da aka ji na minti biyar a zaure shi ne ke kai ɗan'uwa da ɗan'uwa gaban alƙali a Konni.

Allah ya sa mu zama masu riƙon amana.