Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Ministan Al'adu, Yamai

Ranka ya daɗe,

Ina kawo kukan matasan Damana da sauran garuruwan Filinge. Akwai samari da 'yan mata masu rubuta labarai da Hausa da Zabarmanci cikin kayen makaranta, su adana a ƙasan akwati, gara na cin gefen takardun, babu mai buga musu.

Gasa kan fito da irin waɗannan marubuta: gasar rubutun labarai ta 1933 ce ta fito da Abubakar Imam da littafinsa Ruwan Bagaja. Gasar Hikayata ta BBC Hausa, tun 2016, tana fito da mata marubuta.

Muna roƙo ku buɗe wa yankin Filinge gasar gajerun labarai duk shekara, a buga waɗanda suka yi nasara, a raba wa makarantu, a karanta su a rediyo.

Allah ya taimake ka.

Naka,
Wani malamin makaranta, Damana