Ka iya auna albarushi, amma ka kasa auna gubar da ke cikin naman?

Jama'a, akwai wata gardama da ake yi tsakanin maharban barewa na Amurka, kuma ni na zaɓi ɓangare.

A can akwai masu ƙin sayen harsashin kanti. Mutum zai biya maƙeri ya ƙera masa bindiga daidai kafaɗarsa, sannan ya zauna a gida ya haɗa harsashinsa: ya gyara kwanso, ya auna albarushi a ma'auni, ya zaɓi kan harsashi, ya yi ta gwaji har harbi uku su faɗa cikin inci ɗaya daga yadi 100. Wallahi ina girmama wannan haƙuri. Abin da ban yarda da shi ba, shi ne mutumin nan ya dage sai kan harsashi na dalma, ya ce na jan ƙarfe tsirfar 'yan kare muhalli ce.

Harsashin dalma idan ya shiga jikin dabba da gudu, tarwatsewa yake yi, ya bar ɓurɓushin da ido ba ya gani. A 2008 hukumar kula da namun daji ta jihar Minnesota ta yi gwaji, ta ga ɓurɓushi har inci 18 daga hanyar da harsashi ya bi. To wane yanka ne zai cire wannan? A shekarar ce kuma aka janye naman barewa da maharba suka ba da sadaka ga mabuƙata a North Dakota, saboda hoton asibiti ya nuna dalma a cikin niƙaƙƙen naman. Talaka aka ba, da yaransa.

Kayan cikin da ake zubarwa a daji kuma ungulaye da mikiya ke cinyewa. Babbar ungulun California saura 27 kacal a duniya a 1987, kuma har yau dalma ce kan gaba wajen kashe waɗanda aka saki daji. Shi ya sa jihar ta haramta farauta da dalma gaba ɗaya daga 1 ga Yulin 2019. Ƙungiyar NRA ta yaƙi dokar, amma ba a daina farauta a California ba. Tun 1991 aka hana harbin agwagin ruwa da dalma a duk Amurka, kuma har gobe ana harbinsu.

Hujjarsu ita ce na jan ƙarfe ya fi tsada, kuma ba kowace bindiga yake yi wa daidai ba. Gaskiya ne jan ƙarfe bai kai dalma nauyi ba, don haka kan harsashin ya fi tsawo, kuma yana son gudu sosai kafin ya buɗe a jikin dabba. Wanda ke sayen na kanti zai iya kuka da wannan. Amma kai mai haɗa naka fa? Ai gyara irin wannan matsala ce sana'arka. Tun 1989 kamfanin Barnes ke sayar da kan harsashi na jan ƙarfe zalla. Batun tsada kuwa, wanda ya kashe dubban daloli a bindiga ɗaya, harsashi nawa zai harba wa barewa a shekara? Haba dai!

Wani zai ce ina ruwanmu. Mu da muka ga Zamfara a 2010, inda gubar dalma daga niƙan dutsen zinariya ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, ba mu buƙatar Bature ya yi mana bayaninta. Ban ce naman daji zai yi irin waccan ɓarna ba, yawan gubar ba ɗaya ba ne. Amma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma da aka san ba ya cutar da yaro, kuma ƙwaƙwalwa take taɓawa.

Maharbanmu ma da hannu suke ɗura bindigar toka, kuma wasu dalma suke zubawa. Don Allah duk mai ɗan'uwa maharbi ya tambaye shi me yake ɗurawa, kafin a zuba wa mai ciki ko ƙaramin yaro romon naman.