RA'AYINMU: Wasan Ƙwallon Intanet Da Jarin Yaran Mont-Bouët

Kamar yadda duk mai shiga kasuwar Mont-Bouët ya sani, wato kasuwa mafi girma a birnin Libreville na ƙasar Gabon, da zarar ciniki ya lafa aka fara rufe shaguna, sai ka ga yaran shago sun haɗa kai a kan wayar salula, ko sun nufi ɗakunan da ake haya da PlayStation. Abin da suke bugawa shi ne ƙwallon ƙafa na kwamfuta, kuma a yanzu ba da abokin zama kaɗai suke karawa ba, har da mutanen da ke Faransa ko Maroko ko Birazil, waɗanda ba su taɓa gani ba. Haka abin yake a Bitam da Oyem, da Kye-Ossi inda iyakokin Kamaru da Gabon da Equatorial Guinea suka haɗu.

Iyayen gida da dama sun ɗauki matakin hani da faɗa. A ra'ayin wannan jarida, hanin bai hana komai ba, sai dai ya mayar da abin ɓoye, kuma a ɓoyen ne kuɗin shago ke zurarewa. Tunda yaran nan za su buga, gara su san yadda ake shiga wasan ba tare da an taɓa jari ba.

Wasanni biyu ne suka fi tashe. Akwai na kamfanin EA na Amurka, wanda aka daɗe ana kira FIFA kafin a sauya masa suna zuwa EA Sports FC a shekarar 2023, sai kuma na kamfanin Konami na Japan, wato PES, wanda ya koma eFootball a 2021 kuma ake sauke shi kyauta. Kalmar nan ta kyauta ita ce ya kamata ɗan kasuwa ya tsaya ya duba da kyau. Tun shekarar 2009 kamfanin EA ya shigo da tsarin da ya kira Ultimate Team, inda mai wasa ke haɗa ƙungiyarsa da katunan 'yan wasa, kuma hanya mafi sauri ta samun katunan ita ce sayen ƙunshi a rufe, wanda ba ka san abin da ke ciki ba sai ka biya. Irin wannan tsari ne ake bi hatta a wasan besbol na Amurkawa mai suna MLB The Show, domin nan ne ribar kamfanonin take.

To wane ɗan kasuwa ne a Mont-Bouët zai biya kuɗin dila bai kwance ba, bai san ko atamfa ce a ciki ko tsumma ba? Ko 'yan gwanjo da ke sayen dila a rufe suna da damar sayar da abin da suka tarar, su mayar da wani abu. Shi kuwa katin ɗan wasa, dokar kamfanin ta hana a sayar da shi da kuɗin gaske, kuma wanda aka kama yana cinikin sulallan wasan ana iya rufe masa asusu baki ɗaya. Wani abin da yaran ba su cika lura da shi ba shi ne, kamfanin EA na fitar da sabon wasa a kowace shekara wajen ƙarshen watan Satumba, kuma ƙungiyar da ka kashe kuɗi ka haɗa bara ba ta binka zuwa sabon. Tun daga 2018 kamfanin da kansa ya fara nuna yawan sa'ar da ke cikin kowane ƙunshi, kuma ga manyan katuna abin da yakan rubuta shi ne ƙasa da kashi 1 cikin 100. A wannan shekarar ce hukumar kula da caca ta ƙasar Beljiyam ta yanke cewa irin wannan ciniki caca ne, har EA ya daina sayar da makin sayen ƙunshin a ƙasar a watan Janairun 2019. Idan Turawan da suka ƙirƙiro abin sun kira shi da sunansa, ba mu ga dalilin da zai sa mu yi masa kara ba.

Saboda haka shawararmu ta farko ga sabon shiga ita ce kada ya sa ko dala ɗaya a cikin wasan. Gasar da ake kira Rivals daga rukuni na 10 ake fara ta, kuma a can ƙasa wanda ya iya riƙe ƙwallo da tsaron gida yana cin mai tsadaddun katuna da bai iya ba. Ya fara da karawa da kwamfuta har hannunsa ya faɗa, ya zaɓi tsarin jeri guda ɗaya ya zauna a kansa na tsawon makonni, ya daina danne maɓallin gudu tun daga farkon wasa har ƙarshe, ya kuma daina janyo 'yan bayansa suna bin ƙwallo su bar gida a buɗe. Mafi yawan ƙwallayen da ake zura wa sabon shiga daga nan suke fitowa.

Sai maganar layi. Na'urorin da ke haɗa masu wasa suna nesa da mu, kuma tsakanin Libreville da Paris kaɗai akwai fiye da kilomita 5,000, don haka duk abin da ka danna sai ya yi tafiya ya dawo kafin ɗan wasanka ya motsa. Wannan jinkiri ba laifin yaro ba ne, kuma babu katin da zai saya ya gyara shi. Abin da zai iya yi shi ne ya haɗa na'ura da waya maimakon iska idan da hali, ya guji lokacin da kowa ke kan layi, ya kuma rungumi gajerun ba-ni-in-ba-ka maimakon yanka da gwaninta da ke buƙatar daidai sakan. Ya kuma tuna cewa idan wuta ta ɗauke ko layi ya yanke ana tsakiyar karawa, yawanci shi ake rubuta wa faɗuwa.

Akwai kuma 'yan damfara da ke tallar sulalla masu araha a WhatsApp da Facebook, su ce a turo kuɗi ta Airtel Money ko Moov Money tare da lambar sirrin asusu. Wanda ya ba da lambar sirrinsa ya ba da mabuɗin shago ne.

Babu shakka akwai masu cin abinci da wannan wasa. A shekarar 2018 wani matashi ɗan Saudiyya mai suna Mosaad Aldossary ya ci kofin duniya na wasan FIFA a birnin Landan, ya tafi da dala 250,000 ta Amurka, kuma a 2024 birnin Riyadh ya shirya gasar wasannin kwamfuta da aka ware wa kyautar fiye da dala miliyan 60. Amma mutum ɗaya ne ke ɗaukar kofi a cikin miliyoyin masu bugawa, kuma yaron da ke buɗe shago da sassafe ba shi da sa'o'in da waɗancan ke kashewa a kullum. Hukumar Lafiya ta Duniya ma a 2019 ta sanya jarabar wasan kwamfuta cikin jerin cututtuka, alamarta kuwa ita ce wasan ya danne aiki da barci da sauran lamuran rayuwa, mutum yana ganin ɓarnar amma ya kasa bari.

Abin da ya fi damun mu shi ne ɗora kuɗi a kan karawa, wanda ke farawa da "wanda aka ci ya biya kuɗin na'ura", ya ƙare a kan cinikin yini guda. Wannan caca ce tsagwaronta, kuma yaron da aka damƙa wa aljihun shago bai kamata a gan shi kusa da ita ba.

Don haka muna kira ga iyayen gida da su raba lambar wayar da ake karɓar kuɗin ciniki da wayar da yaro ke wasa da ita, su kuma riƙa yin lissafi da yaransu a kowace yamma maimakon ƙarshen wata. Muna kuma kira ga shugabannin Hausawa da ƙungiyoyin 'yan kasuwa na Mont-Bouët da su zauna da masu ɗakunan wasan nan, a tsayar da lokacin rufewa, a hana ɗora kuɗi, sannan a shirya wa matasan gasa tasu ta fili bayan Sallah, wadda za a buga da ƙungiyoyin da wasan ya zo da su, ba da katunan saye ba.