A Duba Jakar Makarantar Yara

A cikin watan Satumba na 1965 wata malama Ba'amurkiya mai suna Nancy Larrick ta buga wani sharhi a mujallar Saturday Review wanda ya tayar wa masu buga littattafan yara na ƙasar Amurka da hankali. Abin da ya sa ta ɗauki alƙalami kuwa wata tambaya ce da wata yarinya baƙar fata 'yar shekara 5 ta yi a makarantar renon yara a birnin New York, inda ta nemi a gaya mata dalilin da ya sa kullum yaran da ke cikin littattafai farare ne. Malamar ba ta tsaya dogon surutu ba, sai ta shiga ƙidaya. An bincika littattafai 5,206 waɗanda kamfanoni 63 suka buga wa yara daga 1962 zuwa 1964, aka tarar 349 kaɗai ne ke da ko da baƙin mutum guda a cikinsu, watau ƙasa da kashi 7 cikin 100.

Mai yiwuwa wani ya ce ina ruwan ɗan Arewa mai sayar da goro a Agege, ko mai fataucin shanu a Sabo ta Badun, da abin da ya auku a Amurka kimanin shekara 60 da suka wuce. Lalle da ruwansa. Tambayar da yarinyar nan ta yi tambaya ce ta kowane yaro wanda ya tashi cikin jama'ar da mutanensa ba su da rinjaye, ya buɗe littafin makaranta ya ga kowa amma bai ga mai kama da ubansa ba. Saboda haka ya kamata a san yadda Amurkawa baƙar fata suka fuskanci wannan al'amari, da abin da suka samu, da abin da har yanzu ya gagare su.

Tun kafin Larrick, ma'aikatan laburare ne suka fara wannan gwagwarmaya. A birnin Chicago Charlemae Rollins ta fitar da jerin littattafan da suka nuna baƙar fata cikin mutunci a 1941, don malamai su san abin da za su saya. A unguwar Harlem ta New York kuma, Augusta Baker, wadda ta kama aikin laburare a 1937, ta riƙa tattara irin waɗannan littattafai tana kawar da masu zana baƙin yaro da ƙaton leɓe kamar abin dariya. Ba su sami abin da sauƙi ba. A 1959 'yan wariyar launin fata na Jihar Alabama sun tasam ma shugabar laburaren jihar, Emily Reed, saboda wani ɗan littafi na Garth Williams wanda a cikinsa baƙin zomo ya auri farar zomanya. Zomaye ne fa kurum, amma sai da aka ɗauke littafin daga kantar da kowa ke iya kai hannu.

Masu buga littattafai na wancan zamani suna tsoron cewa in aka sa baƙin yaro a littafi, farare ba za su saya ba. Lokaci ya ƙaryata su. A 1962 Ezra Jack Keats ya fitar da The Snowy Day, labarin wani baƙin yaro da ke wasa cikin dusar ƙanƙara a unguwarsu, ba wa'azi ba kuka. Littafin ya ci lambar Caldecott a 1963, kuma a 2020 babban laburaren New York ya ba da sanarwar cewa cikin shekara 125 da kafa shi babu littafin da aka ara kamarsa, har sau 485,583.

Duk da haka tafiyar ta yi nawa. Wata cibiyar littattafan yara ta Jami'ar Wisconsin ta fara ƙidaya a 1985, ta sami littattafai 18 kacal na marubuta da masu zane baƙar fata cikin kimanin 2,500 da aka buga a shekarar. A ƙidayar 2018 kuwa, littattafan da ke kan baƙar fata sun kai kashi 10 cikin 100, alhali na dabbobi da motoci da makamantansu sun kai kashi 27. Bayan haka sai ga wata sabuwar rigima ta cire littattafai daga makarantu. Ƙungiyar marubuta ta PEN America ta lissafta fiye da karo 10,000 da aka hana wani littafi a makarantun gwamnati a shekarar karatu ta 2023 zuwa 2024. Da yawa daga cikinsu kan batun jima'i ne aka cire su, kuma ba wanda zai hana uba ya tace wa ɗansa abin da bai dace da shekarunsa ba. Amma guguwar ta haɗa har da tarihi. A 2021 wasu iyaye a Jihar Tennessee sun kai ƙarar littafin da ke ba yara labarin Ruby Bridges, yarinyar nan 'yar shekara 6 wadda sai da jami'an tsaro suka raka ta makarantar farare a New Orleans a 1960. Tace batsa daban, ɓoye wa yara gaskiyar abin da ya faru daban.

Wata shaihar malama baƙar fata, Rudine Sims Bishop, ta taƙaita maganar a 1990 da misali mai sauƙi: littafi madubi ne da yaro zai ga kansa, kuma taga ce da zai leƙa ya ga wasu. Yaron da aka hana wa madubi yakan ɗauka shi ba kowa ba ne. Wanda kuma aka hana wa taga yakan ɗauka duniya daga shi sai irinsa.

Nijeriya ma ta ɗanɗana wannan ciwo, tun da yake littattafan Ingila ne suka cika makarantunta har bayan samun 'yancin kai. Lokacin da 'yar Chinua Achebe ta fara makaranta a Ikko, iyayenta sun damu da irin hoton mutanen Afirka da ake cusa wa yara, wannan na cikin abin da ya sa ya rubuta Chike and the River a 1966, labarin yaron ƙauye da ya zo Anacha yana marmarin haye kogin Kwara. Chimamanda Adichie kuma ta faɗa a wani jawabi a 2009 cewa tana ƙarama a Nsukka, mutanen da take ƙagawa cikin labaranta duk farare ne masu shuɗin ido, suna wasa da dusar ƙanƙara suna cin tuffa, don su kaɗai ta taɓa gani a littafi. Marubutan ƙasar nan irin su Mabel Segun da Kola Onadipe da Onuora Nzekwu sun yi ƙoƙari ƙwarai wajen toshe wannan ɓaraka, har ya zama yaron Nijeriya ba ya mamakin ganin baƙin yaro a littafinsa.

To, amma launin fata ba shi ne ƙarshen magana ba a ƙasar da ke da harsuna ɗaruruwa. Yaron da aka haifa a Idi Araba ko Obalende ko Ama Hausa ta Owerri yana jin Hausa a gida, Yarabanci ko Ibo a titi, Turanci a aji. A kasuwa da wasan kwaikwayo na barkwanci ya saba jin ana kiran ubansa "aboki" da sigar raini, ana nuna ɗan Arewa a matsayin mai gadi ko mai gyaran takalmi wanda ba ya jin magana. Waɗannan sana'o'i ne na halal, ba abin kunya a cikinsu. Abin tambaya shi ne ko littafin makaranta yana gyara wannan hoto ko kuwa shiru yake yi. Daɗin daɗawa, a Kudu akan haɗa Babarbare da Banufe da Bafulatani da ɗan Tibi da ɗan Birom a kira su duka Hausawa, kamar dai Arewa mutum guda ce.

Ba wai babu littattafan da za a fara da su ba ne. Cyprian Ekwensi, Ibo ne haifaffen Minna a 1921, ya ba yaran Kudu jarumi ɗan Arewa cikin The Passport of Mallam Ilia tun 1960. Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa yana nan da Turanci tun 1967, fassarar Mervyn Hiskett. Ruwan Bagaja da Magana Jari Ce na Abubakar Imam, waɗanda aka buga a Zariya cikin shekarun 1930, suna nan ga yaron da zai karanta Hausa. A ɗaya ɓangaren kuma, shahararren littafin D. O. Fagunwa na Yarabanci na 1938 Wole Soyinka ya mai da shi Turanci a 1968. Abin da ya yi ƙaranci shi ne labarin yaron ci-rani kansa, wanda Ikko ce garinsu, Kano ko Sakkwato kuwa sai da Salla yake ganinsu.

Wajibi ne kuma a faɗi ɗaya gaskiyar, ko da ba ta da daɗi. Mai neman a daina kiran ɗansa "aboki" da raini, sai ya hana ɗan nasa kiran na wani "nyamiri". Dokar Jihar Ikko ta 2018 wadda ta wajabta koyar da Yarabanci a makarantun jihar ba abin tsoro ba ce ga baƙo. Yaron da ya karanta tatsuniyar kunkuru ta Yarabawa kamar yadda ya san ta Gizo da Ƙoƙi ya fi ƙarfin mai son ingiza shi faɗan kabilanci ranar da aka sami saɓani a kasuwa. Manufar ilmi ta ƙasa ta 1977 ma abin da ta nufa ke nan da ta nemi kowane yaro ya koyi ɗaya daga cikin manyan harsuna uku ban da nasa.

Abin yi a bayyane yake, kuma bai fi ƙarfin kowa ba. Da farko iyaye su buɗe jakar makarantar yaransu su duba. Wanda bai yi boko ba ya sa yaron ya karanta masa, ya tambaye shi sunayen mutanen da ke cikin labarin da irin aikin da suke yi. Na biyu, su riƙa halartar taron iyaye da malamai, domin a can ake maganar littattafan da za a saya, kuma wanda ba ya nan ba a rabo da shi. Na uku, malamai da ɗalibai 'yan Arewa da ke jami'o'in Kudu su yi abin da Larrick ta yi, watau su ɗauki littattafan karatu na firamare da na ƙaramar sakandare su ƙidaya, don a je wa ma'aikatun ilmi da masu buga littattafai da lissafi a hannu maimakon ƙorafi. Na huɗu, Sarakunan Hausawa da ƙungiyoyin 'yan kasuwar shanu da goro da kayan gwari, waɗanda ba sa gazawa wajen gina makarantun Islamiyya, su ware kanta guda a kowace makaranta a cika ta da littattafan labarai na Hausa da na Yarabanci da na Ibo da na Turanci, a kuma bar yara su ara su tafi da su gida.

Hausawa na cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Baƙar fatar Amurka ba su jira masu buga littattafai sun ji tausayinsu ba. Ma'aikatan laburare ne da malamai da iyaye suka tara, suka ƙidaya, suka matsa, har kasuwa ta bi su. Mazauna Kudu 'yan Arewa suna da kuɗin sayen littafi, suna da 'ya'ya masu ilmin rubuta shi. Abin da ya rage shi ne a zauna da yaro yau da dare, a ce ya ɗauko jakarsa.