Gabatar da Kai Cikin Ingilishi: Kunya Ba Ta Da Wuri A Nan

Sanin kowa ne cewa a ƙasar Hausa baƙo ba ya fara faɗin sunansa. Gaisuwa ce kan gaba, a tambayi gajiya da iyali da mutanen gida, sa'an nan mai masauki ya bayyana wa jama'a ko wane ne baƙonsa. Wanda ya shiga taro ya soma jero sunansa da muƙaminsa, sai a tuna masa cewa yabon kai jahilci ne. Da wannan tarbiyya ɗalibi yake isowa jami'a, inda zai tarar da malamai da ɗalibai waɗanda ba abin da ya haɗa shi da su sai Ingilishi. Can kuwa al'adar ta sha bamban, domin mutum shi yake gabatar da kansa, kuma wanda ya yi shiru akan ɗauka girman kai ne ko rashin sani.

Abin bai tsaya ga zumunci kaɗai ba. Tun shekarar 1973 da aka kafa shirin bautar ƙasa, ana tura wanda ya gama jami'a zuwa wata jiha wadda ba tasa ba. Daga nan kuma sai ganawar neman aiki, inda abin da aka fi farawa da shi shi ne a ce mutum ya faɗi ko shi wane ne. Ɗalibin da ya sunkuyar da kai don ladabi, ya yi magana ƙasa-ƙasa, yana iya rasa gurbin da ya cancanta, alhali ba ilmi ya gaza ba.

Abin da ake bukata a wannan wuri bai taka kara ya karya ba. Jimla uku ko huɗu sun wadatar: suna, da garin da aka fito, da abin da ake karantawa, sa'an nan a tambayi abokin magana nasa sunan. Idan Bature ya tambayi lafiya, gajeriyar amsa yake jira, ba doguwar gaisuwa ba. Haka kuma ba a tambayar sabon ido shekarunsa ko albashinsa. Duban fuskar mai magana, wanda Bahaushe yake gani rashin kunya ne a gaban babba, a wurinsu alama ce ta gaskiya. Idan kiɗa ya sake, dole rawa ta sake.

Wasu tsoron kuskuren lafazi ke ɗaure musu harshe. Gaskiya ne Hausa ba ta bambanta sautin "p" da "f" yadda Ingilishi ya yi, kuma takan raba baƙaƙen da suka haɗu da wasali, kamar yadda ake gani a kalmomin aro irin su burodi da firamare. To, amma wannan hali ne na kowane mai koyon harshe na biyu. Baturen da ya koyi Hausa shi ma yakan yi fama da ɓ da ɗ da ƙ, ba ya kuma rarrabe karin sauti sai bayan doguwar wahala, duk da haka ba ya fasa gaisawa. Abubakar Tafawa Ɓalewa a makaranta ya koyi Ingilishi, a Kwalejin Katsina ya goge, har ya tsaya gaban Majalisar Ɗinkin Duniya ran 7 ga Oktoba, 1960, ya gabatar da ƙasa ɗungum cikin wannan harshe.

Sai dai akwai iyakar da bai kamata a ƙetare ba, watau suna. Akwai ɗaliban da suke gutsure sunansu ko su lanƙwasa shi don ya yi wa baƙo sauƙin faɗi. Wannan asara ce. Sunan Bahaushe tarihi ne: sunan yanka, sa'an nan sunan mahaifi ko na gari, kamar yadda Aminu Kano da Shehu Shagari suka shahara da sunayen garuruwansu. Ɗalibin da ya faɗi sunansa a hankali, ya maimaita idan ba a ji ba, ya kuma bayyana cewa na biyun sunan mahaifinsa ne ko na garinsu, ya ba abokin magana abin da zai ci gaba da tambaya a kai. Ta haka hira take kama hanya.

Masu cewa koyon wannan ɗabi'a kwaikwayon Turawa ne ba su raba ɗaya biyu ba. Wanda ya san yadda ake sallama a ƙofar wani bai bar gidan ubansa ba. Saboda haka ya kamata sassan harsuna su ware lokaci ga sababbin ɗalibai su riƙa gwada gabatar da kansu da baki, cikin Hausa da cikin Ingilishi, a kuma nuna musu inda al'adun biyu suka rabu. Ɗalibi kuwa kada ya jira sai harshensa ya ƙware kafin ya buɗe baki, domin da magana ake koyon magana.